Wa ke ɗaga tsoho in ya kasa tashi? Maganar kula da dattijai a Damagaram

Akwai wata magana da kullum sai an faɗe ta in aka taɓo zancen tsofaffi, ko a fada ne ko a rediyo ko wajen taron ranar 1 ga Oktoba da ake cewa ranar tsofaffi ta duniya, wai mu ai ba nasara ba ne, mu ba mu zubar da iyayenmu, nan iyali ke riƙon tsoho har ƙasa ta rufe mishi ido. To gaskiya ne, ban musa ba, ni ma ina alfahari da hakan. Amma "iyali" ɗin nan da ake faɗa ba shi da hannu fa. In tsohuwa ta ɓata shimfiɗa ƙarfe uku na dare ba dangi ke taruwa su wanke ba, mutum ɗaya ne ke tashi, kuma in ka shiga cikin gida ka duba da kyau kusan kullum mace ce, ko matar ɗa, ko ɗiyar da aurenta ya mutu ta dawo gida, ko wata jika da ba ta wuce sha uku ba.

Gwaggona shekara uku ta yi kwance bayan tansiyo ya buge ta ɓarin jikinta ya shanye. 'Ya'yanta maza huɗu, ɗaya yana Agadas, ɗaya Libiya, ɗaya Kano, ƙaramin ne kawai a gida kuma shi ma kabu-kabu yake tun safe sai dare. Ba za ka ce ba su yi ƙoƙari ba, suna aiko kuɗi in sun samu, duk da na Kanon tun da naira ta faɗi a 2023 abin da yake aikowa in an canza shi zuwa sefa sai ka ji tausayin shi. Amma ɗagawa da kwantarwa da juyawa da wanki da ba da fura a baki, duk matar ƙaramin ce, ita da take soya awara ƙofar gida ta bari, ga goyo ga ciki, daga baya aka ce ɗiyar babban ta zo ta taya ta, yarinya tana CM2 aka cire ta daga lakwal wai na ɗan lokaci, ba ta koma ba har yau. A takardar gwamnati wannan gidan ba shi da wata matsala, tsohuwa tana hannun iyalinta, shi kenan.

Abin da masu bincike ke kira kulawa ta dogon lokaci ke nan, kuma ba ɗaya yake da magani ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Magani shi ne ka je likita a auna ka a rubuta ma ordonas ka sayo ka sha ka warke ko kar ka warke. Ita kuwa wannan ɗawainiya ce ta kullum wadda ba a sallama, babu ranar da za a ce an gama sai ranar da mai rai ya karɓi abinsa. Wani likita Ba'amurke, Sidney Katz, tun 1963 ya fitar da ma'auni mai sauƙi na abubuwa shida da har yanzu ake aiki da shi: shin mutum na iya wanka da kanshi, yana iya sa kaya, yana iya zuwa makewayi, yana iya tashi daga shimfiɗa, yana iya riƙe fitsari da bayan gida, yana iya cin abinci da hannunshi. In an ƙirga nawa ya kasa cikin shidan nan sai a san irin taimakon da yake buƙata. Abin da ya burge ni ga ma'aunin shi ne bai tambayi shekaru ba. Akwai ɗan tamanin a Mirya da ke zuwa garka kullum da ƙafarshi, akwai kuma ɗan sittin da biyu da ciwon suga ya cinye ma ƙafa ba ya ko iya alwala. Mu kuma duk tsarin da muke kwaikwayowa da shekaru yake farawa.

Kuma in ka ɗauko abubuwa shidan nan ka aza su kan Damagaram sai nauyinsu ya ninka. Makewayinmu na tsugunno ne, wanda gwiwa ta ƙi ya zai yi? Shimfiɗa a ƙasa take, ɗaga mutum mai nauyi daga tabarma ba wasa ba ne, ƙugun mai jinya shi ke fara tafiya. Sai uwa uba ruwa. Duk wanda ya taɓa jinyar mai kwance ya san rabin aikin wanki ne, zannuwa, leda, jiki, ɗaki, to a garin da tun muna yara ake fama da ruwa, daga Arunguza da Gogo Macaya har aka zo Ganaram kuma har yanzu in bazara ta yi sai ka ga layin jarkoki kamar na zaɓe, ka gaya min gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa sau nawa zai iya wanke tsohuwa a rana. Fanfas na manya kuwa yana farmasi amma na masu hali ne. Mai rubuta tsari a Yamai cikin ofis mai sanyi ba zai taɓa kawo ma ranshi cewa matsalar tsofaffi matsalar pampo ce ba.

Me ya sa hukuma ba ta waiwayi abin da gaske ba? Lissafi ne. Nijar ƙasar yara ce, kusan rabin mutanenta ba su kai 15 ba, waɗanda suka haura 60 kuwa ba su kai 5 cikin 100 ba. In kana minista da ɗan kuɗi kaɗan ga tamowa ga zazzaɓin cizon sauro ga mata na mutuwa wajen haihuwa ga rashin tsaro, tsoho shi ne na ƙarshen layi, kuma ba zan ce mugunta ba ce. Sai dai kashi kaɗan na abu mai yawa shi ma yawa ne. A ƙidayar 2012 mun ɗan haura miliyan 17, jihar Zinder ita kaɗai ta wuce miliyan 3 da rabi, ita ce kan gaba a yawan jama'a, yanzu kuwa ƙasar ta wuce miliyan 25, ke nan maganar dattijai maganar mutum wajen miliyan guda ce. Akwai kuma wani kuskure da nake yawan ji har bakin 'yan boko, wai tunda tsawon ran ɗan Nijar shekara sittin da 'yan kai ne to ai ba mu da tsofaffi sosai. Ba haka lissafin yake ba, mutuwar ƙananan yara ce ke jawo adadin ƙasa, wanda ya tsallake ya kai 60 yawanci yana da sauran shekara goma sha wani abu a gaba, kuma cikin waɗannan shekarun ne ido ke yana, kunne ke nauyi, tansiyo ke ta'adi.

Shi kanshi binciken ma bai ganin su. Babban binciken lafiya da ake bi gida-gida, irin na EDSN da aka yi a 2012, mata 'yan 15 zuwa 49 ake yi ma tambayoyi, maza kuma zuwa 59. Wato mace na cika hamsin ta fita daga tambaya, sai dai a rubuta ta cikin jerin mutanen gida a wuce. Babban binciken hukumar lafiya ta duniya, OMS, kan tsufa da ake kira SAGE kuwa ƙasashe biyu kawai ya taɓa a Afirka, Gana da Afirka ta Kudu. Abin da ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafi, haka gwamnati ke aiki ko'ina.

A takarda dai ba a bar su ba. Kundin tsarin mulkin 2010, wanda aka jingine bayan 26 ga Yuli 2023, ya ce ƙasa za ta kula da tsofaffi ta hanyar tsarin kare jama'a, a 2011 kuma aka amince da manufar ƙasa ta kare marasa ƙarfi kuma tsofaffi na ciki. Amma in ka sauko ƙasa me ke akwai? Fansho na CNSS ga wanda ya yi aikin kamfani, da CARENI ga ma'aikacin gwamnati, to mutum nawa ne a Kasuwar Dole ko a ƙauyukan Magarya da Tanut suka taɓa karɓar albashi da takarda? Manomi da makiyayi da dukawa da mai tallan goro su fanshonsu 'ya'yansu ne. Kyautar magani da aka kawo a 2006 ta yara 'yan ƙasa da 5 ce da awon ciki da tiyatar haihuwa. Ragin rabin kuɗin asibitin gwamnati da aka fara 1 ga Satumba 2024 ya taimaka, wannan kam kowa ya shaida, har tsofaffi sun amfana, amma shi ma magani ne ya rage ma kuɗi, bai aiko kowa ya juya gwaggona don kar gyambon kwanciya ya kama ta ba.

In aka ce a duba yadda wasu suka yi sai a fara kawo Jamus da Japan. Jamus ta kafa inshorar kulawa a 1995, Japan a 2000 inda kowa in ya kai 40 yake fara zubi, Koriya ta Kudu a 2008, Faransa kuma ta kawo alawus na kula da tsofaffi mai suna APA a 2002. Duk suna da kyau amma akasarinsu kan albashi da haraji suka tsaya, ana yanke kuɗin tun kafin ya shigo aljihunka, mu kuma da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne kuma akasarin jama'a ko shi ba su gani, daga ina za a yanka? Abin da ya kamata mu ɗauka wurinsu daban ne. Na farko, dalilin da ya sa Japan ta yi dokar, sun lura matan 'ya'ya sun gaji, tsarin da ya dogara ga suruka ya fara tsagewa, kuma su ma mutane ne masu girmama iyaye kamar mu. Na biyu, duk da kuɗinsu yanzu ƙoƙarinsu shi ne tsoho ya zauna gidanshi a kawo mishi taimako, don gidan ajiye tsofaffi ga tsada ga kaɗaici, a Faransa ma a 2022 an yi babban abin kunya kan yadda wani katafaren kamfanin irin gidajen nan ke tsuke ma tsofaffi abinci da fanfas don riba. Wato abin da suke kashe biliyoyi su dawo da shi mu muna da shi a hannu, sai dai muna barin shi yana lalacewa don mun ɗauka kyauta ne.

Maƙwabta sun fi amfani gare mu. Senegal ta kawo Plan Sésame a 2006 zamanin Abdoulaye Wade, magani kyauta ga duk wanda ya kai 60, an yi ta tafi, sai gwamnati ta kasa biyan asibitoci kuɗinsu kan lokaci, bashi ya taru, asibitoci suka fara jan ƙafa, kuma waɗanda suka fi cin moriya na birni ne da suka san hanya. Mu wannan ba sai an ba mu labari ba, mun ga yadda bashin kyautar maganin yara ya bar ƙananan asibitocinmu na CSI da kanta babu ko kwalin magani. Don haka duk mai cewa a yi ma tsofaffi kyauta ya fara faɗin inda kuɗin zai fito da ranar da za a biya majo mai riƙe da CSI, in ba haka ba kyautar baki ce.

Sai maganar ba tsoho kuɗi a hannu duk wata. Lesoto ta fara a 2004 ga 'yan 70, Zanzibar a 2016, Kenya a 2018, kuma ba ƙasashe ne masu arzikin a zo a gani ba. Binciken da Esther Duflo, wadda daga baya ta samu kyautar Nobel a 2019, ta yi a Afirka ta Kudu ya nuna in kaka mace ta karɓi fansho jikokinta mata sukan ƙara nauyi da tsawo, in kaka namiji ne ba a ga haka ba, maza mu yi haƙuri. Ni na yarda da wannan hanyar, don tsohuwar da ke da ɗan abinta a bakin zane ba a kallon ta kamar kaya, ita ma tana cefane tana da ta cewa, jika goma a wata na iya sa jikoki goma su riƙa leƙa ɗakinta. Kuma muna da ƙwarewar rabon, shirin tallafin da aka fara a 2011 jika 10 ya riƙa ba gidaje duk wata kuma mata suka riƙa karɓa. Amma a yi lissafi tsakani da Allah: kowane tsoho 100,000 in za a ba su jika 10 a wata, biliyan 12 ke nan a shekara, kuma ba shiri ne na wata 24 irin wancan da za a rufe in mai ba da tallafi ya tafi ba. Ga kuma matsalar takarda, yawancin dattijanmu ba su da takardar haihuwa, masu ita kuma "wajen shekara kaza" aka rubuta musu, ranar da aka ce sai ɗan 70 to ranar za ka ga garin duk ya tsufa dare ɗaya, ainihin tsohuwar da ke kwance a ƙauye kuma ba mai kai ta a yi mata.

Kuma ko an ba da kuɗin bai ɗaga kowa daga tabarma ba. Shi ya sa ni a ganina inda ya kamata a fara shi ne wurin mai jinyar, ita wannan matar da ba ta cikin kowane tsari. Hukumar ƙwadago ta duniya a 2018 ta ce kashi uku cikin huɗu na aikin kulawa da ba a biya mata ke yin shi, a nan kuwa ina jin ya fi haka. Abin da take buƙata ba gini ba ne. A koya mata yadda ake ɗaga mutum ba tare da ta karya bayanta ba, yadda ake juya shi duk bayan awa biyu, yadda ake ba wanda ɓarin jikinshi ya shanye abinci yana zaune don kar ya shaƙe, a samo kujera mai rami da kafinta ko mai walda na unguwa zai iya haɗawa, da sanda, da katifa da leda. A kuma samu wanda zai karɓe ta ko yini ɗaya a sati ta je biki ta je kasuwa ta yi barci. Muna da rele a unguwanni da ƙauyuka da ke bin gida-gida don rigakafi da tamowa, ƙafarsu na shiga gidan da tsohon yake amma ba a ce su dube shi ba, a ƙara musu awon tansiyo da tambayoyi shidan nan, a kuma biya su don aikin sa kai ma yana gajiya. OMS tun 2017 ta fitar da jagora mai suna ICOPE da aka tsara don irin wannan matakin, duba gani da ji da tafiya da cin abinci da tunani. Ido kaɗai ma ya isa misali, jihar nan ta sha fama da amodari, ga yanar ido, aikin 'yan mintoci ne amma tsoho na zaune shekara biyar a makance an ɗaure yaro yana mishi jagora. Ga makarantar lafiya ta ENSP a garin nan, ga jami'ar André Salifou, ɗalibai na neman abin rubuta kundin kammala karatu, a tura su Birni da Zango da Garin Malam da Kara-Kara su ƙirgo mana gida nawa ke da mai kwance kuma wa ke jinyar shi.

Maza kuma sai mun faɗa ma kanmu gaskiya. Ayar nan ta suratul Isra'i da ta hana a ce ma iyaye ko "uf" ba ma matarka aka saukar da ita ba, kai ne ɗan. Kuma ka tuna kunya, dattijon da ya yi shekara arba'in surukarshi ba ta ko haɗa ido da shi yau ita za ta kai shi makewayi? Wasu har rage cin abinci da shan ruwa suke don kar su buƙaci fita, ana cewa tsufa ne ya hana su ci alhali kunya ce.

Gidan gajiyayyu fa? Ban ce a cika gari da su ba, ko a Kano da ke da na Shahuci ai ba mai son a ce nashi na can. Amma akwai waɗanda ragar dangi ba ta tare su, kuma kowa ya san su. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, miji ya rasu aka ba ta ɗan rabonta cikin tumunin da suka raba da kishiyoyi, 'ya'yan miji suka sayar da gida. Tsohon da ya ƙare ƙuruciyarshi a ci-rani ya dawo ba kowa. Wadda gigin tsufa ya kama tana fita tana surutai, maimakon a gane ciwo ne na ƙwaƙwalwa sai a fara raɗe-raɗin maita yara na jifa. Su ne kake gani ƙofar masallaci ranar Juma'a. A ƙauyukan Kance kuma abin ya juye, mata ke tafiya Aljeriya, kowa na tuna mutum 92 da suka mutu cikin sahara a Oktoban 2013 akasarinsu mata da yara, to in mai jinyar ce ta tafi sai ka tarar tsohuwar da ya kamata a kula da ita ita ke riƙon jikoki. Irin waɗannan ko ɗaki huɗu ne kusa da CSI ko kusa da gidan mai unguwa, da zakka da wakafi da aka tsara da rajista, ba wai a jira azumi a raba buhu a ɗauki hoto a sa Facebook ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da suka faro a Maraɗi tun 1991 sun nuna mata na iya riƙe asusu da amana, me zai hana a samu ɗan akwati na jinya a ciki.

Zafi ma yanzu ya shigo lissafi. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙirga gawa 102 cikin kwana huɗu, fiye da rabi sun haura 60. Faransa sai da zafin 2003 ya kashe mata mutum wajen 15,000 sannan ta sa kowace ma'aikatar magajin gari ta buɗe rajistar tsofaffin da ke zaune su kaɗai don a riƙa leƙa su. Wannan kam ba ya cin kuɗi, littafi ne da biro a hannun mai unguwa. Daminar 2024 da ta kada tsohon masallacin Birni ta rusa ɗakunan ƙasa da yawa, mai ƙafa ya gudu, mai kwance sai in an tuna da shi.

Ranar sadakar ukun gwaggona zaure ya cika, na Agadas ya zo, na Kano ya zo, na Libiya ya bugo waya aka sa a sifika, kowa na cewa Allah ya yi muku albarka kun riƙe mahaifiyarku, ku ma Allah ya ba ku masu yi muku. Na shiga cikin gida in sha ruwa sai na tarar da matar ƙaramin a bakin murhu tana kwashe tuwon baƙi, ta ɗaure ƙugunta da ɗankwali saboda ciwon baya, yarinyar nan ta CM2 kuma tana wanke kwanoni.